Tukwanen Gas na Baban Khairiyya

Alhamis, 10 ga Afrilu, 2025

Yau aka yi sadakar bakwai ta maigidana Malam Sani, Baban Khairiyya. Mutane sun watse. Ban yi kuka ba sai da na ga takalmansa na aiki a gindin randa, da baƙin mai a jikinsu.

Ko tabarmi ba a naɗe ba Haladu ya shigo, ƙanin Baban Khairiyya uwa ɗaya uba ɗaya, mai jigila da a-kori-kura tsakanin nan Kazaure da Babura. Ya leƙa ɗakin tsakiya ya ce, "Yaya Ikilima, wannan tarkacen fa?"

Tarkace! Mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na ce ya ja mini ƙofar.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bari in rubuta labarin tukwanen nan yadda Baban Khairiyya ya gaya mini kafin ya gudu daga kaina, don ni karatuna a aji shida ya tsaya.

Shekarun baya aka kira masu gyaran firji da esi, na'urar sanyaya ɗaki, wani taron bita a Kano. Ya dawo da 'yar na'urar zuƙo gas da wasu tukwane masu launin toka, kansu rawaya. Aka ce musu gas ɗin da ke cikin tsofaffin esi, wanda ake kira R22, in aka sake shi ba ya tsayawa a nan. Hawa yake yi can sama da gajimare, ya riƙa cin wata rumfa da Allah Ya shimfiɗa don ta tace mana mugun zafin rana. Ozon, haka ya ce sunanta. Aka ce su daina saki, su zuƙe su tara, mota za ta zo ta kwasa.

Sauran masu gyara suka ci shinkafar taro suka dawo suka ci gaba da yanke bututu, fiiish, a wuce wurin. Shi kuwa sai ya zauna ya zuƙe. Tukwanen toka suka cika, ya koma ɗurawa a cikin korayen tukwanen da sabon gas ke zuwa a ciki, waɗanda aka gama amfani da su. Shago ya cika, ya kawo gida.

Motar ba ta zo ba. Har ya faɗi a shago da hawan jini ba ta zo ba.

Na sha yi masa mita, kuma har yau ban janye ba. Ɗaki guda sukutum don iska! Sai ya yi dariya ya ce, "Ikilima, amana ce."

Laraba, 16 ga Afrilu

Zafi. Wata mai ta'aziyya ta ce matar mai gyaran esi da mafici a hannu. Ta ɗauka abin dariya ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Dinatu ta shigo bayan sun taso daga coci, ta kawo mini ayaba. Matar Monday ce, wanda shagonsa ke jikin na Baban Khairiyya. Ta ce Monday ya ce in ina so ya zo ya duba tukwanen, wai korayen ba a yi su don dogon ajiya ba, kuma ya san inda za a kai su.

Na ce a gode masa. Kowa ya san inda za a kai su yanzu. Da yana raye wa ya sani? Shi kansa Monday ɗin ba ya cikin masu ce masa "Malam Sani mai gadin sama"?

Dinatu ta matso kusa da ni. Ta ɓare mini ayaba ɗaya ta tsare ni sai da na ci.

Talata, 13 ga Mayu

Arba'in. Khairiyya ta zo daga Gwiwa, cikinta ya fara fitowa. Ta rame. In ta juya kai sai in ga uban.

Alhamis, 15 ga Mayu

An raba gado. Ina takaba, saboda haka daga bayan labule na ji komai. Babur, firji, kayan shago, duk ba a yi gardama ba. Da aka zo kan tukwanen sai malamin rabo ya tambaya, "To iskar ciki ta wace ce?"

 Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, na ji shi. Iskar ta fito ne daga esin gidajen mutane da ofisoshi da masaukin baƙi, ba wanda ya biya, ba wanda ya nema. Malam ya ce abin da ba a sayarwa ba a gadonsa, amma ƙarfen dukiya ne, a raba. Tumuni nawa, rabi na Khairiyya, saura na Haladu.

Na ɗaga murya na ce a ba ni su duka, a ɗauki firjin. Haladu ya ce ya riga ya yi wa wani mai walda alkawari, murhun gawayi zai yanka da su. Ya riga ya yi alkawari! Kafin a raba!

Da zai fita na kira shi bakin labule. Na ce, "Haladu, don girman Allah kada ka buɗe su. Abin da ke ciki cuta ne ga mutane. Yayanka bai tara don wasa ba."

Ya ce, "Na ji, Yaya. Wallahi ba zan bari ya cuci kowa ba."

Na yarda da shi. Wawuya.

Khairiyya ta ce nata rabon ta bar mini. Allah Ya yi mata albarka, Ya sauke ta lafiya.

Litinin, 19 ga Mayu



Haladu ya shigo da la'asar yana fara'a, kamar wanda ya dawo daga aikin gayya. Ya ce in kwantar da hankalina, ya gama da su. Mai walda ya ce ba zai sa wuta a tukunya da gas a ciki ba. Shi kuma da ya tuna maganata, bai buɗe su a gari ba. Ya loda su a mota ya yi ta tafiya har ya wuce Roni, ya shiga daji bayan wani dutse inda ba gida ba gona. Ya ce har wani Bafulatani ya tarar da shanu ya roƙe shi ya kora su nesa. Ya ɗaure hanci da rawani, ya yi Bismillah, ya murɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Ko akuya ba ta shaƙa ba, Yaya."

Na ce sama fa? Ya ce wace sama? Na ce can take tafiya, can take ɓarna! Ya ɗaga kai ya kalli sama ta tsakar gida, ya ce, "Ai iska ce, ta koma wajen 'yan uwanta."

Ban san lokacin da na yaye labulen ba. Na faɗa masa maganganu. Na ce yayanka ya ƙona yatsunsa da sanyin gas ɗin nan, ya bar cin abincin rana yana zuƙo shi, an yi masa dariya a kasuwa, kai ka zubar a wuni ɗaya don murhun gawayi. Na ce kada ya sake taka mini gida. Maƙwabta sun ji. Su ji.

Ya tsaya kamar an mare shi. Ya fita bai sa takalmi daidai ba.

Talata, 20 ga Mayu

Man mota ya ƙona har bayan Roni. Don kada ya cuci kowa. Ya Allah.

Asabar, 24 ga Mayu

Mai waldar ya aiko wai ko zan sayar da sauran. Na ce a gaya masa ko gawata aka fitar kada a ba shi. Na sa kwaɗo a ɗakin, makullin na ɗaure a bakin zanena.

Ba Haladu kaɗai nake jin haushi ba. Waɗanda suka tara su a Kano suka ba su takardar shaida fa? Ku sa mutum ya ɗauki magana da gaske, ku koma ofis ku kunna esi ku manta da shi. Da na san ƙofar da zan buga, da ranar da na fita takaba can zan fara zuwa.

Shi ma Baban Khairiyya kansa ina jin haushinsa. Ka tafi ka bar ni da gadin abin da ban taɓa gani da idona ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. Haladu ya aiko da cinyar rago. Na so in mayar, aka ce ba a mayar da naman layya. Na raba wa maƙwabta.

Laraba, 25 ga Yuni

An yi ruwa mai yawa, ya shiga ɗakin tsakiya ta ƙasan ƙofa. Na buɗe don in share in ɗora tukwanen a kan bulo. Na san nauyinsu, ko shi da hannu biyu yake ɗagawa yana nishi. Na ɗaura ɗamara na kama wata koriya, na ɗaga da ƙarfi, saura kaɗan in faɗi ta baya.

Fayau. Kamar gwangwanin madara.

Bakinta ya yi tsatsa, ga wani maiƙo ya bi jikinta. Na ɗaga ta kusa da ita, ita ma ta yi sauƙi.

Ba wanda ya shiga ɗakin nan. Makullin yana jikina ko wanka zan yi. Na zauna a kan bulon, ruwa na jiƙa mini zane, na rasa wanda zan zaga.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ban ci komai ba.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na aika wa Dinatu. Suka zo tare da Monday, ita ta shiga da shi, ni ina bakin ƙofa a lulluɓe. Ya ce a kawo masa ruwan sabulu. Ya shafa kumfa a bakin kowace tukunya. Masu launin toka shiru. Korayen kuwa, wasu sai ga ƙwan kumfa na tasowa a hankali yana fashewa, wani ya taso.

Ya ce, "Kin gani, Maman Khairiyya? Numfashi suke yi."

Ya ce akwai wani a ƙungiyarsu ta masu gyara a Kano da ke da injin tace tsohon gas, a mayar da shi cikin tsofaffin esi maimakon a sake shi. Wanda ya lalace sosai kuma yana da babban tanki mai kyau da yake ajiyewa. Tun bara ya gaya wa Malam Sani, shi kuma ya ce a bari tukuna, ai an ce mota za ta zo.

Na ce to in an kai can su ma suka murɗe fa?

Ya ce, "Ba zan rantse miki ba, ban ga zuciyar mutum ba. Zan je da kaina in tsaya. Amma a nan, kina barci tana fita, kina salla tana fita."

Ya juye masu yoyon cikin wata tukunyarsa da na'urar Baban Khairiyya. Da na ji ƙarar na'urar nan sai na koma ɗaki.

Saura mota. Masu haya ba sa son ɗaukar gas. Dinatu ta ce, "Kin san dai mai motar da ba zai ƙi ba." Na ce ban sani ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Ban aika wa Haladu ba. Ba zan aika ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Na shafa kumfa da kaina. Wata ma ta fara yoyo.

Talata, 12 ga Agusta

Na fita takaba. Na yi wanka na sa zanen da Khairiyya ta aiko. Ba gidan da na fara zuwa sai tashar Babura, da ƙafata.

Haladu yana ƙarƙashin mota. Da ya ga ƙafafuna ya fito, ya durƙusa. Ya rame shi ma, ban zata ba. Na ce Kano za ka kai kaya jibi, kai da Monday. Ya ce to. Na juya zan tafi sai ya ce, "Yaya, ranar nan a bayan dutse, duk wadda na murɗe addu'a nake yi masa. Na ɗauka sauke masa nauyi nake yi."

Na ce ai ka sauke.

Ban san me ya sa na faɗa da sanyin murya ba. Da zafi na shirya ta.

Alhamis, 14 ga Agusta

Sun tafi da safe. Haladu ya shimfiɗa tsofaffin katifu a bayan mota, ya jera su a tsaye, ya ɗaure kowace da igiya kamar mai kai ƙwai kasuwa. Monday na ce masa ya isa, yana ƙara ɗauri. Na ce, "Direban kura, in ka bi da su ta Roni sai na sa an kwance maka tayoyi." Ya yi dariya har ya goge ido da hularsa. Ni ban yi ba. Kusan dai.

Na tsaya a ƙofa har suka sha kwana. Na ɗauka zan ji kamar an sake fitar da gawar Baban Khairiyya. Ban ji haka ba, kuma ban san ko ya kamata in ji kunya ba.

Da azahar Dinatu ta kira ta ce sun isa, an karɓa, Monday yana tsaye a kan injin.

Na share ɗakin. Ashe akwai taga a bayan inda suke, na manta da ita sam. Sai da na buga da muciya ta buɗe. Ana hango dutse, duk ya yi kore.

Na tuƙa tuwo, na zuba wa Haladu a kwanon yayansa na rufe, ko zai biyo in sun dawo. Ba wai na huce ba. Tuwon ne ya yi yawa.