Wankan Hajja Kaka

Litinin, 7 ga Afrilu, 1975
Sati uku ke nan da Malam ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajja Kaka, daga Gwiwa ya kawo ta nan Roni. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, fitsari ma ba ta iya riƙewa. Ni ke yi mata wanka kafin in tafi makaranta koyarwa. Ni, matar ɗanta! Nakan tura ƙyaure ɗakin ya yi duhu, in zura hannu ƙarƙashin zane, ina kallon bango. Ita ma bangon take kallo. Shekara shida ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na sa an sayo mata sabulu mai ƙamshi, da hoda, da soson roba, da fatari na nailan, da ledar shimfiɗa daga Kazaure. Kada babbar 'yarta, Yaya Fatu, ta zo ta ce mun yi wa uwarta rowa. Tsoron bakin matar nan nake yi, ba kaɗan ba. Wani lokacin kuma in ji ina ma ta zo ta ɗauki abarta in huta. Astagfirullah.

Lahadi, 13 ga Afrilu
In na kai soso ƙasa sai in ji ta ɗauke numfashi. Na ce, "Hajja, da zafi ne?" Ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan." Na ƙara mata hoda.

Laraba, 16 ga Afrilu
Jini-jini a jikin soso. Yau a aji ban san me na koyar ba. Da wane baki zan gaya wa Malam? Wajen uwarsa ne fa.

Juma'a, 18 ga Afrilu
An aiko cewa Yaya Fatu na nan tafe farkon wata.
Na buɗe taga. Na durƙusa na ce, "Hajja, ki gafarce ni, yau sai na duba." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Innalillahi. Matsematsinta jawur, fata ta saɓule, hoda ta jiƙe ta cure a lungu kamar ƙullu. A kan wannan nake ta dirza soso, ina ganin tsafta nake yi! Daga cikin mayafin ta ce, "Na ji nauyin in faɗa miki." Ni kuma na ji nauyin in kalla. Na fita bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Asabar, 19 ga Afrilu
Na je asibiti a Kazaure, na samu wata malamar jinya mai furfura. Da na lissafa mata kayan, ta riƙe haɓa. "Gatan ya yi yawa." Ta ce ruwa mai ɗan ɗumi kawai, da hannu, ban da soso, ban da kayan ƙamshi. A tsane da tsohon zanen auduga, kada a goga. A bar wajen ya sha iska, a shafa man kaɗanya kaɗan a gefe. Kada fata ta taɓa leda, zane ya jiƙe a canza nan take, a riƙa juya ta. In zazzaɓi ya zo ko mugunya, a kawo ta ran nan. Tun a mota nake taɓa goshina kamar nata ne.

Talata, 22 ga Afrilu
Ba sauyi. Sau huɗu na taɓa wuyanta yau don jin ko da zazzaɓi. Da ƙarfe tara na gudo gida daga makaranta na canza mata zane na koma.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Gefe-gefen ya fara bushewa, ko idona ne? Ina yi mata fifita da mafici ta ce, "Rahamatu, ko sarauniya albarka." Dariya ta kubce mini, a gabanta.

Asabar, 3 ga Mayu
Yaya Fatu ta iso. Ban jira ta gano ba, na faɗa mata komai, har soson. Ta duba. Sannan ta ce, "Ni da na fito daga cikinta ban taɓa iya dubawa ba." Ta ce na wahala, za ta tafi da ita Gwiwa in samu in numfasa.

Lahadi, 4 ga Mayu
Yaya Fatu ta tafi ita kaɗai. Na ce mata hanyar Gwiwa ba kyau, jijjiga za ta fama ciwon. Haka na gaya wa Malam ma. Kuma ai gaskiya ne, hanyar ba kyau. Hajja dai tana ta kallona. Bari in je, ruwanta ya kusa hucewa.