Yatsu Huɗu a Tayar Gaba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya, sai dai barci ya ƙaurace mini.

Ka ji labarin jirgin da wutsiyarsa ta gogi ƙasa wajen tashi ranar Talata, ya juyo ya sauka. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Mu muka yi masa lodi.

Takardar lodi ta ce akwatunan ƙarfe goma sha biyu su shiga ɗakin kaya na gaba. Sai bel ɗin da ke hawar da kaya ta can ya tsaya cak, jirgi kuma ya riga ya makara. Abokinka Oga ya ce a zuba su baya, ai duk ciki ɗaya ne. Muka zuba. Ya sa hannu a takarda yadda take.

Yaya, shekara uku ina kallon tayar gaban jiragen nan. Akwai wani ƙarfe mai ƙyalli a samanta. In lodi ya zauna daidai, yatsu huɗu yake fitowa. Ran nan ya kusa taƙi guda, wato nauyi ya rinjaya baya. Kyaftin ya sauko zagayen duba jirgi, rabin hankalinsa na kan agogo. Ya ce mini, "Dogo, yau rana ta gasa ku." Na yi dariya. Maganar ta zo har bakina, sai na tuna an ce ɗan lodi ba ya yi wa matuƙi magana sai ta bakin ogansa.

Da jirgin ya dawo, Oga ya sa muka kwashe kayan da gudu kafin masu bincike su iso.

Kada Inna ta ji.

Ƙaninka,
Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar gida, saƙonka ya iso. Ka ce in kama bakina tunda ba a rasa rai ba. Na kama, mako biyu ke nan.

An dakatar da Kyaftin. Wai ya yi gaggawar ɗaga kan jirgi, don haka an mai da shi horo kamar sabon shiga. Jiya na same shi a kantin ma'aikata, ba kaki. Ya ce sau bakwai yana maimaita tashin a na'urar koyon tuƙi, da lissafin takardar nan tamu, wutsiya ba ta taɓa ƙasa ba, ke nan hannunsa ne ya tsufa. Yana faɗa yana juya hannun yana kallo. Har sukari ya turo mini. Na tashi na bar shayina a kan tebur.

Ka gai da Inna.

Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na san kai ka roƙi Oga ya ɗauke ni.

Na je wurin matar da ke binciken, na faɗi komai, har da kwashe kayan da na yi da hannuna. Ta kai ni gindin wani jirgi ta ce in gwada mata yadda nake auna ƙarfen. Na gwada. Ta tambaye ni aji nawa na yi, na ce huɗu, daidai da yatsun. Ba ta yi dariya ba, ta rubuta.

An karɓe katina na shiga aiki har sai an gama binciken. Oga ko kallona ba ya yi.

Yau da safe na tsaya bayan shingen waya ina hangen fili. Kyaftin ya dawo aiki. Na gan shi ya tsuguna a tayar gaba, ya ɗora yatsunsa a kan ƙarfen, sannan ya miƙe yana waige-waige cikin 'yan lodi. Na ɗaga hannu, amma da nisa.

Yanzu kana iya faɗa wa Inna. Ka ce mata ina barci.

Ƙaninka,
Dogo