Na goge miki girafin da toka

Rifkatu ƴata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jiki, yaya karatu? Mu nan Kafanchan lafiya.

Na yi miki laifi o. Ƙananan jan ƙarfen da kika manta a kwali da Kirsimeti, na ga sun yi baƙi, na ɗauka datti ne. Na goge su da toka har suna ƙyalli. Jiya Babanki ya ce baƙin nan sinadari ne da ake kira girafin, shi ne aikin digirinki, wanda zai sa na'ura aiki da ƴar wuta kaɗan.

Ɗaya ya tsira, don toka ta ƙare. Yana cikin Baibul ɗina.

Ki yafe mini, ki sa ni addu'a. Gaida malaminki, ki ce masa ni ce, ba ke ba.

Mamanki