Rijiyar Baba da Injin Sola

Kazaure, 6 ga Fabrairu, 2023

Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da Malam Sabiru da yara. Tunda wayarki ta ƙi gyaruwa, na ba direban motar Gwiwa wannan takarda.

Albishirinki. Ɗalibaina sun kayar da wata makaranta ta Roni a muhawara. Batun shi ne ko ɗan Adam ne ya jawo sauyin yanayi. Su suka ce ai an yi fari tun zamanin kakanni, babu mota babu masana'anta. Mu muka ce hayaƙin fetur da gawayi ne ya ƙara wa duniya zafi har damina ta rikice. Da aka zo kan makamashin da ba ya ƙarewa, yarana suka kawo misali da lambunmu na gado, yadda na cire injin fetur na haƙa burtsatse na sa sola. Fetur ƙarewa yake, rana kuwa kullum sabuwa take fitowa. Yaya, sai da zauren ya ɗauki tafi.

Yaya albasar? A gaishe min da kowa.

Ƙaninki,
Abdulnasir

Gwiwa, 15 ga Fabrairu

Malam Abdulnasir masanin duniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, albasa ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Barka da tafi.

Ni ban yi karatunka ba. Abin da na sani, ruwan sama na Allah ne, ya ba da ya hana. Amma tunda ka ce da hannun mutum a ciki, bari in nuna maka hannun da na gani da idona.

Ka tuna Baffa Daudu, Bafulatanin da ke kafa mashekari a gonarmu duk rani tun Baba na da rai? Shanunsa su kwana a gonar su bar mana taki, su sha a rijiyar Baba, matarsa Inno ta aiko mana da nono. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, shekara talatin ke nan. To bana rijiyar laka take bayarwa. An ƙara wa igiyar guga gaba biyu, an sake ƙarawa, a banza.

Lokacin injin fetur, Sabiru da an jiƙa kwamin albasa yake kashewa, don yana jin zafin man. Wannan naka kuwa wa zai kashe? Daga fitowar rana har faɗuwarta yana zuƙa, ruwa na malala har kan hanya. Ranarka ba ta ƙarewa, na yarda. Ruwan fa?

Yayarka,
Saude

Kazaure, 24 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku. Da farko haushi na ji, har na fara rubuta miki cewa rijiyoyi suna ƙafewa ko'ina daga nan har Babura, kuma wannan shi ne sauyin yanayin da nake faɗa. Gaskiya ne, ban janye ba. Amma na yaga takardar, don akwai abin da ban taɓa gaya miki ba.

Ranar da ake haƙa burtsatsen, mai haƙar ya ja ni gefe ya ce wurin ya yi kusa da tsohuwar rijiya, taku arba'in ne kawai, kuma burtsatsen ya fi ta zurfi, zai janye mata ruwa. Ya ce mu matsa can ƙarshen lambu. Na ƙi, don ina so wanda ya biyo hanya ya hango faifan solar yana ƙyalli. Wallahi dalilin ke nan, babu wani.

Kunya ta ishe ni. Na tsaya gaban yara ina zagin masu masana'antun ƙasashen waje, alhali ga abin da na yi a gonar ubana. Don Allah ki roƙi Malam Sabiru ya riƙa kashe injin kafin hantsi ya ɗaga. Me kuka gaya wa Baffa Daudu?

Ƙaninki,
Abdulnasir

Gwiwa, 5 ga Maris

Abdulnasir,

Gaisuwa mai yawa. Tambayar da nake gudu ita ka yi.

Na yi ta yi maka tsiya a waccan takardar kamar ni mai tsarki ce. Tun watan jiya Baffa Daudu ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce, "'Yar Malam, me ya sami rijiyar nan?" Na san amsar sarai, ina jin kukan ruwa a tiyo daga inda nake tsaye. Amma saura mako biyar a cire albasa. Sai na ari bakinka. Na ce, "Baffa, sauyin yanayi ne. Abdulnasir ya ce duk duniya haka ake fama, hayaƙin Turawa ne." Ni da ban ma yarda da zancen ba. Ya jinjina kai ya ce, "To, tunda mai ilimi ya faɗa. Allah ya kawo sauƙi."

Tun daga ranar yake kora shanun zuwa wani tafki mai nisa, tafiyar rabin yini. Shekaranjiya saniyarsa mai ciki ta faɗi a hanya, sai yanka ta aka yi. Inno ta aiko mana da naman, wai rabon maƙwabta. Na kasa ci.

Sabiru ya kashe injin gaba ɗaya, ya ce albasar ta yi yadda za ta yi. Ina jira ruwan ya ɗan taru, in je mashekarin da kaina in faɗa masa gaskiya, kada in je hannu biyu. Ka zo mu tafi tare, rabin maganar taka ce.

Yayarka,
Saude

Gwiwa, 12 ga Maris

Abdulnasir,

Salamu alaikum. Kada ka wahalar da kanka da zuwan da ka ce za ka yi ranar Asabar.

Ruwa ya dawo jiya, ya kai gwiwa. Amma Baffa Daudu ya riga ni. Ranar Laraba da safe ya zo da kayansu ɗaure a kan jakuna, za su yi gabas wajen Babura, ya ce ba ya jin za su dawo baɗi. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai ya durƙusa a ƙofar gida, tsoho da furfurarsa, ya ce, "'Yar Malam, ku yafe mana. Shekara talatin shanunmu na shan ruwan mahaifinku, ga shi mun ƙarar muku da shi."

Na ce masa babu komai, Baffa. Abin da na iya faɗa ke nan.

Saude