Fuskar Inna cikin jar fata

Daren Laraba, damina, 1999

Yau na gama littafin da na ɗinka da hannuna. Fuskokin tsofaffin matan unguwar Sheshe ne, na zana su da tawadar da na dafa da kaina, ta marigayiya Inna a shafin farko. Baduku ya yi masa bangon jar fata har da maɗauri.

Na aika wa abokan zane su zo shago su gani, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Tun da soja suka koma bariki, kowa ya koma zana kansila da ciyaman a kan ƙyalle. Garba ma, da muka fara tare, wai aiki ya sha masa kai.

Bayan la'asar Kawu, yayan Inna, ya biyo. Da ya ga bangon sai ya goge hannu a riga, ya yi bisimilla, ya karɓa da hannu biyu, ya zaci littafin addini ne. Yana buɗewa ya yi ido biyu da ƙanwarsa. Ya daɗe yana kallo, har na fara sa rai. Sai ya rufe, ya ce, "Kabiru, wannan fatar ba ta hoto ba ce. Cire su, ka ba malam bangon."

Daga Zaitawa har Ƙofar Ɗan Agundi babu katangar da ba fuskar wani ƙato a jikinta, ba wanda ya ce a cire. Ta Inna ce kaɗai laifi. Na sa littafin da fuskarta a akwati na rufe. Ko bayan ranta, ta sake komawa kulle.