Kazata Na Kwanci A Motarka

Nasidi,

Matarka Sakinatu ke rubutu, amma bakin nawa ne, kada ka hau ta da faɗa.

Na tafi suna Wusasa kana barci. Leƙa bayan a-kori-kurar nan taka, cikin tsohuwar taya. Kazata ce ke kwanci a ciki, tun da motar ta lalace ka yasar da ita a ƙofar gida. Jiya da aka gyara, ko dubawa ba ka yi ba, ka kwashe ta da ƙwanta har unguwar Kongo kai buhunan masara. Ta dawo tana tangaɗi, ƙwai uku sun fashe. Da na yi magana ka ce wai motar aiki ce, ba akurki ba. To, ita ma aiki take yi, kuma ta fi ka zama a kansa.

Makullin yana ƙulle a bakin zanina. Motar nan ba ta motsawa sai an ƙyanƙyashe. Masu masara su nemi jaki, ai bai mutu ba.

Ka zuba mata dawa da ruwa. Kuma kada ka kuskura ka danna mata hon.

Gwaggonka Kande