Gargaɗin da Kwamfutata Ta Share

Barnawa, Kaduna,
12 ga Oktoba, 1989.

Zuwa ga yayana Wilson,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Anti Comfort da 'yar lelenmu Saratu, kuma sanyin Glasgow bai fara shiga ƙashinku ba. Allah ya ƙara maka basira a karatun da ka je nema, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan gida kowa ƙalau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma zuwa sujada da kansa, kuma ya ce in gaya maka masarar bayan gida ta fi ta bara, duk da ɓarnar awakin maƙwabta. Mama tana nan yadda ka san ta. Babu wanda ya rage a Zumuntar Mata da bai ji cewa 'yarta ce ke tuƙa kwamfuta a asibiti ba.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina cikin tashin hankalin da ban taɓa shiga irinsa ba, kuma duk garin nan ban san wanda zan yi wa bayani ya gane ba sai kai. Ka tuna faya-fayan sabon Pascal, harshen rubuta furogiram, da ka aiko mini a watan Yuni, mai tsarin gado irin na ɗa da uwa, wanda ka ce zai rage mini rubutu? Da shi na rubuta wa asibitinmu furogiram na marasa lafiya. Na gina akwatin tambaya guda ɗaya da nake kira uwa, ita ce ta iya neman wurin mutum a fayil, ta karanto bayaninsa ko ta ajiye. Sauran akwatunan, wato na rajista da na kwanciya da na gargaɗin magani, duk 'ya'yanta ne, sun gaji aikinta. Dakta George, mai asibitin, ya ji daɗi ƙwarai. Tun watan Agusta ya ce nas-nas su daina tonon katuna a kabad, su dubi allon kwamfuta kawai. Ni kuwa kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza, kamar yadda za ka ce in da kana nan.

Makonni biyu da suka wuce wata mata mai suna Eunice Zonkwa ta zo daga Unguwar Boro da ƙurji a ƙafa, aka rubuta mata allurar fenisilin. Anti Celina ce ke aiki ranar. Ka san ta, nas ɗin nan ta Unguwar Television da ta ɗinke maka haɓa lokacin da ka faɗo daga keken Baba. Ta duba allo, wurin gargaɗi babu komai, ta yi allura. Ba a yi minti biyar ba matar ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar Dakta ya ceto ta. Ashe jikinta ba ya ɗaukar fenisilin, kuma an rubuta hakan da jan biro a tsohon katinta tun shekaru shida. Ni da hannuna na shigar da gargaɗin a kwamfuta a watan Yuli. Washegari aka tara mu, Anti Celina ta rantse cewa allo bai nuna mata komai ba. Dakta ya sa na buɗe sunan Eunice a gaban kowa, sai ga gargaɗin ɓaro-ɓaro. Nan take aka dakatar da Anti Celina. Ranar Litinin mai zuwa kwamitin asibiti zai zauna, kuma dangin Eunice sun ce sai an kai sunanta gaban hukuma an karɓe mata takardar aikin nas. Shekararta goma sha tara tana wannan aiki.

Ga abin da ke ci mini rai. A wurin taron nan Anti Celina ta juyo ta dube ni, ta ce, "Rhoda, ke kika san abin nan. Zai iya ɓoye magana?" Ni kuma, da bakin nan nawa da ka sha cewa ya fi ƙarfina, na amsa mata cewa inji ba ya mantuwa, abin da aka ba shi shi yake bayarwa. Har da ɗan murmushi na faɗa. Sai ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar Litinin da ta wuce gaskiya ta biyo ni har ofis. Wata Hajiya Hajara, mai sayar da atamfa a Makera, ta zo da tari, aka ce ba za a yi mata fenisilin ba domin kwamfuta ta hana. Hajiya ta tayar da ƙura, ta ce tun tana budurwa ake yi mata wannan allura, yaushe akwatin talabijin ya san jikinta fiye da ita. Aka kawo mini katinta in duba. Sunanta Hajara Zonkwa, an haife ta ran ɗaya ga Janairu, 1950. Na zaro katin Eunice, ita ma Zonkwa, ita ma ɗaya ga Janairu, 1950. Ba 'yan'uwa ba ne, ba su ma san juna ba. Na je wurin Malam Tagwai mai ba da kati, na tambaye shi yadda aka yi haka. Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ya ce shekara ashirin ke nan, duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba ɗaya ga Janairu yake rubuta masa, shekarar kuma ya dubi fuska ya ƙiyasta, kuma ya fi son 1940 da 1950 don sun fi sauƙin lissafi. Matar da ta ji nauyin kama sunan mahaifinta ko na mijinta kuwa, sai ya tambaye ta garinsu ya rubuta a madadin. Ba laifinsa ba ne, haka kowa ke yi, ni ma na sani.

To uwar akwatunana da sunan mahaifi da ranar haihuwa take neman mutum, kamar yadda na gani a misalin da na koya da shi, inda kowa yake da ranarsa daban. A fayil ɗin sunaye babu matsala, kowa da layinsa. Amma a fayil ɗin gargaɗi matan nan biyu wuri ɗaya suka samu, wadda ta zo daga baya ta taka ta farko. Hajiya ta yi rajista kwana uku kafin Eunice ta zo, aka ajiye mata gargaɗi babu komai, shi ya share na Eunice. Bayan abin ya faru, nas ɗin ɗakin kwanciya ta sake shigar da maganar fenisilin, shi ne muka gani washegari, shi ne kuma ya hau kan Hajiya. Anti Celina gaskiya ta faɗa tun farko, allon wayam yake lokacin da ta duba.

Kada ka ce ƙanwarka sakarya ce gaba ɗaya. Na hango wannan haɗari tun ina rubutu, shi ya sa na yi wa akwatin gargaɗi nasa hanyar nema ta daban, da lambar kati, na sa mata suna iri ɗaya da ta uwar, a zatona ta ɗan za ta danne ta uwa. Na bi furogiram ɗin layi-layi na ga abin da ke faruwa. Aikin karantowa da na ajiyewa gadonsu ya yi daga uwa, su kuma idan suka tashi nema, hanyar uwarsu suke kira, ba su ma san ɗan yana da tasa ba. Wata uku ke nan abin da na rubuta yana zaune ba a taɓa taka shi ba ko sau ɗaya. Na sa injin ya tattaro mini duk masu suna da rana iri ɗaya, ya fito da rukuni talatin da bakwai. A wani rukunin mutum biyar ne, dukansu Kafanchan, dukansu 1940.

Tun ranar na liƙa takarda a jikin injin cewa ana gyara, kowa ya koma kati, don haka babu wanda zai sake cutuwa. Amma gyaran nawa ya zama na gangar Auzinawa. A 'yar takardar da ka haɗo da faya-fayan ka rubuta cewa in ana son ɗa ya canza halin uwa a sa kalmar Turancin nan virtual. Na sa ta a wurin uwa, na sa a wurin ɗa. Yanzu furogiram yana haɗuwa lafiya, amma da zarar an buɗe akwatin gargaɗi sai injin ya sandare, ko wane maɓalli ka danna shiru, sai an kashe shi ta baya. Akwai wani abu da ya kamata in kira tukuna kafin akwatin ya buɗe? Ka ambaci wani abu mai kama da haka a gefen takardar, amma rubutunka na kaza ne, na juya shi ta kowace fuska ban karanta ba. Garin kashewa da kunnawa kuma fayil ɗin da ke jera sunaye ya lalace, sai da na dawo da shi daga faifan ajiya na ranar Juma'a. Sannan ga wata sabuwa. Na gwada raba gargaɗin a fayil na musamman mai lambar kati, sai ya zama idan akwati biyu suna buɗe na kira na uku, injin ya ce ba zai iya buɗe fayil ba, alhali fayil ɗin yana nan ina ganinsa. Ko uwar ce ke buɗe fayil kowane ɗa ya sake buɗewa ba mai rufewa, ko injin ne yake da iyakar da zai ɗauka, ban sani ba. Na je makarantar kimiyya da fasaha wurin tsohon malaminmu, ya ce shi bai taɓa ganin Pascal mai gado ba, in koma rubutu irin na da. Ka taimake ni ka rubuto amsa dalla-dalla, da manyan baƙaƙe.

Na san lissafin da kake yi. Takarda tana cin mako uku kafin ta iso ka, amsarka ta ci wasu uku, kwamiti kuwa saura kwana huɗu. Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Kwana ukun nan da nake ta fama, ba don marasa lafiya kaɗai nake yi ba. A ƙasan zuciyata so nake in gyara a ɓoye, domin in ya gyaru babu mai iya gane abin da ya faru har abada. Malam Tagwai bai san dalilin tambayata ba, Dakta bai san komai a harkar inji ba. Ni kaɗai na sani a duk duniya, sai kai yanzu. Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron dangin Eunice su juyo kaina, ina tsoron Dakta da ya yarda da ni ya sayi inji mai tsada, ina tsoron a ce a Kaduna 'yar Shekari ta kusa kashe mutum. Wa zai sake ba ni aiki?

Jiya Mama ta dafa pate ta kai wa Anti Celina a Television. Ta dawo tana share hawaye, ta ce matar ta rame, ta wanke fararen kayan aikinta ta goge ta ninke a akwati, ta daina zuwa koyon waƙa saboda kallon da ake yi mata. Yau da safe wajen addu'ar gida Mama ta roƙi Allah ya tona gaskiya kafin Litinin, ko a hannun wa take, ya hana mai riƙe da ita sukuni. Baba ya ce amin. Mama ta buɗe ido ta dube ni, ni ma na ce amin.

Saboda haka gobe Juma'a da ƙarfe takwas zan shiga ofishin Dakta George da katunan nan biyu da jerin talatin da bakwai. Zan kunna tsohon furogiram ɗin, in shigar da sunan Hajiya ya share gargaɗin Eunice a kan idonsa, ya gani da kansa. Na so in je masa da cuta da magani tare, amma maganin ya gagare ni, kuma Anti Celina ba za ta jira ni in koyi aikina ba. Daga can zan hau mota zuwa Television. Wannan tafiyar ta fi ta ofishin Dakta yi mini nauyi, ban san da wane baki zan fara ba.

Idan za ka aiko amsar tambayoyina, ka sa sunan Dakta George a bayan ambulan da adireshin asibiti, kada ka sa nawa. Ban san ko zan kai lokacin a wurin ba, kuma duk wanda ya zauna a kujerata zai buƙace ta.

Ka gaida Anti Comfort da kyau, ka ce zanin da ta yi saƙo yana nan, za a ba mai tafiya. Ka sumbace mini Saratu. Baba da Mama suna gaishe ku, haka ma Kawu Haruna da iyalinsa na Kakuri. Ku sa ni a addu'a, ku sa Anti Celina a gabana. Na san za ka rubuto wa Mama don ka kwantar mata da hankali, kuma na san halinka na kāre ni tun muna yara. Ina roƙonka kada ka ce mata inji ne ya yi kuskure. Abin da na ba shi ne ya bayar.

Ƙanwarka,
Rhoda Shekari.